Goma-Hamsin da Huɗu a Ƙofar Gonar Orval

Wendell Pruss ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a wani gari na jihar Kalifoniya, kuma ashirin daga cikinsu ya yi su ne da rediyon sauraren 'yan sanda a kan teburin cin abincinsa. Baƙar aba ce mai dogon eriya, wadda ke tsallake-tsallake daga wannan layi zuwa wancan tana kamo hirar da 'yan sanda ke yi da ofishinsu ta oba-oba. Su kuwa 'yan sandan ba sa magana kai tsaye, da lambobi suke yi. Goma-huɗu, na ji na gane. Goma-ashirin, kana ina. Goma-takwas, na dawo bakin aiki. Wendell ya tara waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya a wani koren littafi da ya sha hannu har gefunansa suka yi laushi, ya haddace su tas. In matarsa Lorene ta ce ya fitar da shara, sai ya ce, "Goma-huɗu." In ta daɗe a kasuwa ta dawo, sai ya tare ta da, "Goma-ashirin ɗinki tun safe?" Ita kuwa ta ce, "Goma-ka-matsa-min na wuce."

Da ya yi ritaya, Lorene ta ce ita fa ta gaji da hayaniyar birni, garinsu za ta koma. Haka suka tattara suka dawo Tilford, wani ɗan gari a Nebraska da gonakin masara suka kewaye shi ta ko'ina. Abu na farko da Wendell ya sauke daga mota shi ne rediyon nan. Cikin kwana biyu ya kamo layin 'yan sandan gundumar. Sai dai abin bai yi masa armashi ba. Motocinsu huɗu ne kacal, kuma yini guda zai wuce ba abin da ya faru sai wata tsohuwa da ta kulle mukullinta a cikin mota. Ga shi wani lokaci sukan faɗi lamba a inda bai dace da littafinsa ba. Wendell sai ya girgiza kai.

"'Yan sandan ƙauye ke nan," in ji shi. "Ko lambobin aikinsu ba su iya ba. Wata rana sai na je na koya musu."

"Ka dai fara koyon sunayen maƙwabtanka," Lorene ta ce.

Gaskiya ta faɗa. Wata huɗu da zuwansu, mutum ɗaya ne a Tilford ya saba da Wendell, shi ne Orval Stuckey, wani ƙaton tsoho mai kiwon shanu a Hanya ta Tara. Kullum da hantsi sukan haɗu a shagon kofi na bakin kasuwa su buga kati. Orval ba ya yarda an cinye shi, ba ya yarda ya yi kuskure, kuma bai taɓa kiran Wendell da sunansa ba, sai dai "Ɗan Birni". Ranar Litinin ɗin makon nan ma sai da suka yi ta. Wendell ya ce ya ga Orval yana leƙa katinsa a jikin gilashin taga. Orval ya ce mutumin da ke yini da kunne a jikin akwati yana saurarar sirrin mutane ba shi da bakin zancen leƙe. Wendell ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Ni da kai mun gama," ya ce. "Kada Allah ya ƙara nuna min fuskarka."

"Ka gai da akwatin!" Orval ya bi shi da ihu.

Washegari Talata, wajen ƙarfe tara na safe, Wendell na zaune da kofinsa, ya ƙudurta ba inda za shi. Lorene ta ciro kek ɗin tuffa daga tanda, na taron matan coci, ta ajiye ya huce. Sai rediyon ya yi ƙara, muryar Darla ta fito, matar da ke zaune a ofis tana tura motocin 'yan sanda inda ake neman su.

"Mota ta uku, daga ofis."

"Ina jin ki, Darla." Muryar Gale ce, ɗan sandan da ke zagayen arewacin gunduma.

"Akwai goma-hamsin da huɗu a Hanya ta Tara, daidai mashigar gonar Stuckey. Direban motar madara ne ya gani ya bugo."

"Goma-huɗu. Ina kusa."

Kofin ya tsaya a tsakanin tebur da bakin Wendell. Ya san lambar nan. Shekara ashirin yana jin ta a Kalifoniya, kuma duk ranar da aka faɗe ta, sai muryoyin 'yan sanda su yi ƙasa. Duk da haka ya jawo koren littafi, ya buɗe, ya bi layin da yatsa. Ga shi nan da rubutun hannunsa: goma-hamsin da huɗu, ana zaton gawa ce.

"Lorene," ya ce a hankali. "Zo ki ji."

Ba a yi minti biyar ba Gale ya dawo kan layi.

"Ofis, na iso. Tsohon ne."

"Wane tsoho?"

"Wane kuwa? Tsohon nan mai taurin kan tsiya. Ga shi nan shimfiɗe, rabinsa a kwalta, rabinsa a cikin ciyawa."

"Yana motsi?"

"Ko kunne bai kaɗa ba. Na daka masa tsawa, na zungure shi da takalmi, shiru."

"Ai dama na faɗa, wannan yawon nasa sai ya ja masa wata rana."

"Ki bugo wa Ardith can gida. Ki ce a zo da igiya mai kauri da tarakta, wannan ƙaton ba mai iya ɗaga shi da hannu. Ni ba zan bar wurin ba, kada wata mota ta bi ta kansa."

Lorene ta dafe ƙirji, ta nemi kujera ta zauna. Ardith matar Orval ce, ajinsu ɗaya tun suna firamare.

"Ka tabbata, Wendell?"

Ya juya mata littafin. "Da takalmi fa ya ce ya zungure shi. Mutum dattijo. Kuma wai tarakta! Wace irin ƙasa kika kawo ni, Lorene?"

Lorene ta ɗauki wayar da ke jikin bango ta buga gidan Stuckey. Layin a cike yake. Ta sake bugawa, haka. Ta ce, "Darla ce ke faɗa mata. Wayyo Ardith." Daga nan ta bugo wa matar fasto. A Tilford kuwa, in matar fasto ta ji abu, ta kira mata uku, kowacce ta kira uku. Kowace mace a cocin nan tana da kwano guda a firji, dankali da cuku ko taliya da kaza, ajiye musamman don ranar rasuwa. Kafin rabin sa'a, tanda goma sha huɗu na ci a garin.

Wendell dai bai iya zama ba. Ya shiga ɗaki ya sa baƙar kwat ɗin da ya yi bikin 'yarsu da ita, wadda yanzu maɓallinta ba ya haɗuwa. Ya tsaya gaban madubi yana ɗaura abin wuya, sai kawai maganar jiya ta dawo masa, kada Allah ya ƙara nuna min fuskarka. Ya zauna a bakin gado. Ya tuna ranar da ya fara shiga shagon kofi, kowa ya kalle shi ya ci gaba da hirarsa, sai ƙaton nan ya tura kujera da ƙafa ya ce, "Ɗan Birni, ka iya kati ko sai raba takarda?" Tun daga ranar bai ƙara shan kofi shi kaɗai ba. Hawaye suka zubo masa, ya share da abin wuyan.

"Zan yi gaba," ya ce wa Lorene. "Ki taho da matan."

Ya ɗauki kek ɗin tuffa, ita kuwa ba ta hana shi ba. Ya shiga a-kori-kurarsa. Bai bi ta Hanya ta Tara ba, don zuciyarsa ba za ta iya ganin abokinsa ɗaure da igiya ba. Ya zaga ta hanyar baya, ta wajen rumbunan masara, ya ɓullo ta bayan gidan.

Ya tarar da Ardith a baranda, ta riƙe ƙugu, tana hangen titi. Fuskarta a murtuke, amma ba alamar kuka. Wendell ya cire hula, ya matso da kek a hannu.

"Ardith, na ji abin da ya faru. Sannu. Sai haƙuri."

"Haƙuri kam ina cikinsa," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina fama da shi, Wendell. Na gaji."

Wendell ya yi lissafi a kansa. A saninsa ita da Orval sun haura shekara arba'in da aure. Ya ce a ransa, wataƙila talatin ɗin farko sun yi daɗi.

"Ai kowa da halinsa," ya ce. "Amma yana da kirki."

"Kirki? Ya tattake min furanni sau uku. Ya kori mai gyaran lantarki har kan shinge. Ba ya komai sai ci da kwanciya da tsallakawa wajen matan maƙwabta."

"Subhana... Ardith!"

"Ni tun bara na ce a sayar da shi, ko a yanka a huta. Wa ya saurare ni?"

Wendell ya fara ja da baya da kek ɗinsa. Yana cikin haka sai ya ji takun takalmi mai nauyi a bayansa, da wata murya da ya sani sarai.

"Taraktar ta ƙi tashi. Kai, Ɗan Birni! Wa ya mutu ka sha baƙar kwat haka?"

Wendell ya waiwaya. Orval ne tsaye, hannayensa baƙi ƙirin da man inji, bokiti a hannu, da ransa da lafiyarsa da tumbinsa. Wendell ya saki kek ɗin, ya zauna daɓas a kan matakalar baranda. Ardith ce ta yi zafin nama ta cafe kek ɗin kafin ya kai ƙasa.

"Kai ne," Wendell ya ce da ƙyar. "Kai ka mutu."

"Ni? Yaushe?"

"Ƙarfe tara da minti goma. Goma-hamsin da huɗu. Gale ya ce tsohon ne, mai taurin kai, kwance a kwalta..."

Ardith ta dubi mijinta, ta dubi Wendell, sai ta tuntsire da dariya har ta jingina da ginshiƙi.

"Duke ne!" ta ce. "Bijimin! Ya karya shinge ya je ya kwanta a titi yana shan rana."

Orval bai yi dariya ba tukuna. Ya ajiye bokiti, ya matso yana leƙa fuskar Wendell.

"Tsaya. An ce tsoho mai taurin kai, ƙato, sai a ja shi da tarakta, shi ne kai tsaye ka ce ni ne?"

"To ai..."

"Idonka kuma me ya sa ya yi ja? Ɗan Birni, kuka ka yi?"

"Ƙurar masara ce."

"Ardith, zo ki gani, kuka ya yi mini! Jiya ya ce kada Allah ya nuna masa fuskata, yau ga shi da kek."

Sai ga ƙura ta taso daga hanyar baya. Mota ɗaya, biyu, biyar, har tara, a jere, suna tafe a hankali kamar masu rakiyar gawa. Suka tsaya a farfajiya. Mata suka dinga fitowa cikin baƙaƙen riguna, kowacce da kwano lulluɓe da tawul. Matar fasto ce a gaba, ta buɗe hannuwa tana nufo Ardith, ta riga ta fara, "'Yar'uwa, Ubangiji ne ya bayar..." sai idonta ya faɗa kan Orval. Ta ƙwalla ƙara. Ta bayanta ta saki cokali. Lorene kuwa ta tsaya cak, ta dubi mamacin daga sama har ƙasa, sannan ta juyo da kallonta kan mijinta. Wendell ya gwammace da shi ne kwance a kwalta.

Orval ya hau baranda, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu kamar ɗan takara.

"Na gode, na gode da zuwa jana'izata. Ku shigo da abincin. Wace ce ta kawo dankali da cuku? Allah ya yi miki albarka. Mamaci na jin yunwa."

Ana cikin wannan hargitsi Gale ya bar motarsa ta tare hanya, ya taho a ƙafa daga bakin titi, yana gumi, ya zo jin abin da ya tsayar da tarakta. Da aka ba shi labari, sai da ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Wendell ya miƙe, don har yanzu da sauran ƙarfin hali a jikinsa.

"Yallaɓai, ba laifina ba ne. Ku ne kuka faɗi lambar gawa a kan dabba. Goma-hamsin da huɗu. Yana nan a littafina, shekara ashirin."

"Littafin ina, Mista Pruss?"

"Na Kalifoniya."

"To ai shi ne. Can da nan ba ɗaya ba ne. Kowane yanki da jerin lambobinsa. A wurinmu goma-hamsin da huɗu dabba ce a kan hanya. Mu nan shanunmu sun fi gawarwakinmu yawa."

"Kana nufin ku ne daidai?"

"A gundumar nan dai, eh."

Wendell ya koma ya zauna.

Saura kuma bijimi, wanda har lokacin yana kwance a titi, motoci uku na jira a bayansa. Tunda tarakta ta ƙi, Gale ya ce tunda Allah ya kawo jama'a, a taimaka. Haka 'yan ta'aziyya suka ɗunguma zuwa Hanya ta Tara. Duke na nan kamar tudu, baƙi, ya lumshe ido yana tuƙa. Orval ya kaɗa masa bokitin dusa, ko kallo bai samu ba. Gale ya tafa, matar fasto ta buɗe lema ta rufe a gabansa, a banza. Ardith ta ce, "Ku ba ni wuri." Ta gutsuro kek ɗin tuffa ta kai masa hanci. Duke ya buɗe ido ɗaya. Ya shinshina. Sai ga shi ya tattaro ƙafafu ya miƙe yana nishi.

"Riƙe," Ardith ta danƙa wa Wendell farantin. "Kai ka tara mutane, kai za ka ja shi."

Da haka aka mayar da Duke gida. Wendell a gaba cikin baƙar kwat, yana tafiya da baya da baya, yana miƙa kek. Bijimi na biye da shi yana lasar hanci. Mata goma sha biyu sun jeru hagu da dama sun buɗe hannuwa kada ya kauce. Orval a can baya yana rera waƙar coci da muryarsa mai kama da injin niƙa. Da suka shiga garke aka rufe ƙofa, Duke ya cinye kek ɗin har da lasar faranti, ya kuma goge bakinsa a hannun kwat ɗin Wendell.

Gale ya danna oba-obar da ke kafaɗarsa. "Ofis, mota ta uku. An buɗe Hanya ta Tara. Ba wanda ya mutu."

"Madalla," Darla ta ce. "Ka faɗa wa Mista Pruss mutum shida ne suka bugo min suna tambayar ranar jana'iza, har da mai sayar da furanni."

Abincin dai ba a mayar da shi ba. Aka fito da tebura ƙarƙashin bishiya, aka ci aka sha. Fasto ya iso a makare da littafinsa a hammata, aka ba shi faranti. Orval ya zauna a bakin tebur ya ce lallai kowa ya faɗi abin da ya shirya faɗa a kansa, tunda ba kullum mutum ke samun wannan dama ba. Matar fasto ta ce ita dama tana hanya tana ta laluben abin kirkin da za ta faɗa, ba ta samu ba har suka iso. Da aka zo kan Wendell, ya ajiye cokali.

"Yana leƙen kati," ya ce. "Amma shi ya fara tura min kujera a garin nan."

Orval ya yi tari, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido, ya miƙa hannu ya ƙara dankali.

Ranar Laraba Wendell ya je ofishin 'yan sanda da hula a hannu. Darla, wadda ya san muryarta wata huɗu bai taɓa ganin ta ba, ashe 'yar ƙaramar mata ce mai tabarau. Ta ba shi takarda shafi biyu, jerin lambobin gundumar. Ya zauna a mota ya karanta. Ya tarar da lambobi da dama da yake ta fassarawa a karkace. Sau biyu ya taɓa kulle ƙofofi ya hana Lorene fita, wai an ce ɓarawo na yawo a unguwa, ashe ciyawa ce ta kama wuta a bayan makaranta. Wannan bai faɗa wa Lorene ba. Ya tsaya a kanti ya sayi sabon littafi, ya rubuta Tilford a bangonsa.

Daga nan ya wuce shagon kofi. Yana tura ƙofa, mutanen da ba su taɓa ce masa uffan ba suka ɗago gaba ɗaya. Wani ya ce, "Ga mai shelar mutuwa nan! Wendell, duba min littafinka, ina raye kuwa?" Mai shagon ta zuba masa kofi, ta ce na yau kyauta ne, don rabonta da dariya irin ta jiya tun bikin ƙanwarta. Aka matsa masa wuri a babban tebur, aka ce sai ya ba da labarin da bakinsa, tun daga farko. Ya bayar. Da ya zo wajen tarakta, wani tsoho ya ƙware da kofi har sai da aka bubbuga masa baya.